Su Wa Ke Gasa da Kai? Turancin da Fom ɗin Neman Jari Yake So

Duk fom ɗin neman jari da za ka cike, na rance ne ko na tallafi, akwai tambayar da ba ta ɓacewa: su wa ke sana'a irin taka, kuma me zai sa mai saye ya tsallake su ya zo wurinka? Gidauniyar Tony Elumelu tana yin ta. Bankin Masana'antu yana yin ta. Ko horon SMEDAN ka shiga, za a kai ga rubuta tsarin kasuwanci, shi kuwa ba ya cika sai da wannan babin.

A nan ne matasanmu na Shanga da Yauri da Ngaski suke yawan zamewa. Sanin kasuwa kam akwai shi. Wanda ya tashi a bakin ruwan Yelwa ya san wa zai karya farashin kifi tun kwale-kwale bai taɓa gaɓa ba. Amma da an ce ya faɗi hakan da Turanci, sai ya ɗauki Hausa ya juye ta kalma bayan kalma, ya fito da abin da mai duba fom a Legas ko Abuja zai karanta sau biyu yana tattara goshi.

Kalmomi suna da abokan tafiya. Mu muna karya kumallo, muna cin bashi, muna buga waya, muna shan iska. Idan wani ya ce zai fasa kumallo, ka gane nufinsa, amma ka san baƙo ne. Turanci ma haka yake. Sa'arka ɗaya, waɗanda ake bukata wajen maganar abokan gasa ba su da yawa, mako guda ya ishe ka. Ga yadda za ka yi.

1. Gobe da safe, tafi kasuwa da littafi da biro.

Turanci ya ɗan jira. Abin da za ka zuba a cikinsa shi ne farko.

Zaga layin da ake sayar da irin kayanka, ka ƙirga. Su nawa ne? Nawa suke sayar da kwando, ko kwali, ko mudu? Awonsu a cike yake ko a shafe? Suna ba da gyara? Suna ba da bashi? Suna karɓar tiransifa, ko sai kuɗi hannu? Ƙarfe nawa suke baje kaya, ƙarfe nawa suke tashi? A ina suke sari?

Idan sun san fuskarka, aiki ƙanenka ya taya. Farashin da ake gaya wa ɗan'uwan sana'a daban yake da wanda ake gaya wa mai saye. Ka je ranar kasuwa, ka kuma koma ranar da ba ta ci, don masu zuwa daga ƙauye da baƙin 'yan sari suna canza lissafi gaba ɗaya. Rubuta kwanan wata a saman shafin. Farashi a ƙasar nan ba ya kwana inda ya yini.

2. Kada ka kuskura ka rubuta cewa ba ka da abokin gasa.

Babu amsar da ta kai wannan kashe fom. Kai a ganinka ka nuna kai ne gwani. Mai dubawa kuwa ɗayan biyu zai ɗauka: ko ba ka duba ba, ko kuma babu masu saye, shi ya sa kowa ya ƙi shiga.

A ce kai kaɗai ke da na'urar POS a ƙauyenku, can wajen Dugu Tsoho ko Yarbesse. Kafin ka zo, yaya mutane suke samun tsabar kuɗi? Mai shago ake tura wa ta waya ya ƙirgo? Ɗan kabu-kabu ake ba kati ya ciro daga Yauri ko Koko? To ai su ne abokan gasarka. Tambayi kanka abu ɗaya: ranar da ban fito ba, aljihun wa kuɗin mai saye suke shiga?

3. Kasa su gida uku.

Gida na farko, masu kaya irin naka sak, a kasuwa ɗaya da kai. Su ne "direct competitors". Babba a cikinsu shi ne "main competitor". Wanda kuke kusan kai ɗaya da shi kuma, "closest competitor".

Gida na biyu, masu wani kaya daban amma da ke biyan buƙata ɗaya da naka: "indirect competitors". Gida na uku, waɗanda ba su shigo ba tukuna amma suna bakin ƙofa: "new entrants". Tun 1979 wani malamin Jami'ar Harvard, Michael Porter, ya lissafa abubuwa biyar da ke matse ɗan kasuwa, ciki har da masu shirin shigowa da kayan da ke maye gurbin naka. Har yau ana koyar da wannan a makarantun kasuwanci, don haka mai duba fom ɗinka da wannan idon zai karanta.

Bari mu sauko bakin ruwa.

Ke mai bandar kifi, gidanki na farko su ne sauran masu banda a Yelwa da Wara da tungayen bakin tafkin Kainji. Gida na biyu ya fi faɗi: kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga waje irin su titus, da tarwaɗar kiwo da ake renonta a kududdufin siminti, da kaza, da nama, har da awara. Ranar da kuɗin cefane ya gaza, uwargida ba ta cewa dole sai giwan ruwa ko karfasa. Abin da kuɗin ya kai shi take saye.

Kai mai albasa, kada ka tsaya ga maƙwabcin gonarka. Gungawa sun yi suna a noman albasa tun kafin a gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci tsibirai aka sake musu matsuguni, kuma sunan bai gushe ba. Amma motar da ta tashi daga Yauri ta sauke kaya a kasuwar Mile 12 ta Legas ko Bodija ta Ibadan, za ta tarar da albasar Aliero da ta Sakkwato sun riga ta. Idan kuwa ta ƙetare iyaka ta nufi Kwatano ko Akara, 'yar Galmi ta Nijar ce ke jiran ta. Abokin gasarka yana inda kake sayarwa ne, ko da ba ka taɓa ganin fuskarsa ba.

Kai mai injin casa a Shanga, naka lissafin ya fi na kowa daɗin rubutawa. Ƙananan injinan garinku da na Koko da Yauri su ne gida na farko. Manyan masana'antu irin WACOT ta Argungu da Labana ta Birnin Kebbi kuwa sau biyu kuke haɗuwa da su: wajen sayen shanshera a hannun manomi, da wajen sayar da gyararriya. Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya a jihar Kebbi a watan Nuwamba 2015, shinkafa ta zama sana'ar manya a jihar nan. Sai kuma 'yar waje, ta Tailan da Indiya, da ke biyowa ta Jamhuriyar Benin. Fasa-ƙwaurinta na cikin dalilan da suka sa aka rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Irin wannan kaya na waje mai araha, sunansa a fom "cheap imports".

Mai ɗanyen tumatir ma kada ya manta da na leda. Ga masana'antar GBfoods, masu yin Gino, a ƙaramar hukumar Ngaski.

Gida na uku ya fi damun masu sana'ar da jarinta bai da yawa: POS, cajin waya, sayar da data, suyar awara. Ƙofar a buɗe take. Da an ga kana samu, wata mai zuwa ku uku ne a ƙarƙashin bishiya ɗaya. Faɗi hakan da kanka a fom, tun kafin a tambaye ka.

4. Bar zafi a Hausa.

Mu muna cewa gasa ta yi zafi. Kada ka kwashi zafin ka kai Turanci. Abokan tafiyar "competition" su ne "stiff", "tough", "strong" da "fierce". Kalmar da ke jan su gaba kuma ita ce "face". Haɗa su ka ji: "We face stiff competition from frozen fish sellers." Shi ke nan, jimla ta zauna.

"Fierce" ta fi sauran ƙarfi. Idan ku uku ne a layi kuma kwano ɗaya kuke cin tuwon rana, kada ka taɓa ta. Idan masu yi kaɗan ne, ka ce "little competition". Idan kullum ƙaruwa suke, "growing competition".

Sai wani ɗan tarko. Gasar kasuwa ba ta ɗaukar harafin jam'i a ƙarshe. "Competitions" ana faɗar ta ne ga gasar da ake ba da kyauta, irin tseren kwale-kwale a bikin Rigata na Yauri ko kamun kifin Argungu. Idan mutane kake nufi, "competitors" za ka ce. Idan yanayin kasuwa kake nufi, "competition" kawai.

5. Riƙe ƙananan kalmomi uku.

Bayan "compete", kalmar da ta biyo ita ce ke faɗar komai. "With" tana nuna da wa kake karawa. "For" tana nuna abin da ake rububi. "On" tana nuna da me kake karawar, farashi ne, ko tsabta, ko saurin kai kaya.

Mai injin casa zai iya zuba biyu a jimla ɗaya: "We compete with larger mills for paddy." Sannan ya ƙara: "We compete on price and quick delivery." Rubuta naka jimloli biyu a kan wannan ƙirar yau da dare. Kada ka haddace nawa.

6. Maganar farashi.

Karya farashi ba ya tafiya da "break". Idan ka rage kuɗin kayanka, "cut prices" ka yi. Idan ka rage ne musamman don ka shiga ƙarƙashin maƙwabci, "undercut". Idan ya rage ka rage, ka rage ya rage, har kowa ya fara taɓa uwar kuɗi, kun shiga "price war". Idan kaya sun cika kasuwa har sun rasa mai tayawa, kamar albasa a tsakiyar girbi, "flood the market" ake cewa.

"Competitive price" tana rikita mutane. Ma'anarta farashin da bai wuce na sauran ba, ko ya ɗan gaza nasu. Yabo ne. "Cheap" kuwa tana iya ɗaukar warin rashin inganci, don haka idan kayanka kake nufi, ka ce "affordable". Akwai kuma Turancin kasuwa da muke yi da 'yan sarin Anacha a waya, irin na cewa wane ya ɓata kasuwa. Yana aiki a waya, kuma babu laifi. A fom dai ka ajiye shi.

Shawara ta tsakani da Allah: kada ka gina tsarinka a kan cewa kai ne mai araha. Mai jari ya fi ka numfashi. Zai iya faɗuwa wata uku yana murmushi, kai kuwa mako biyu ka naɗe tabarma. Mai ba da rance ya san wannan sarai, kuma kuɗinsa yake tunani.

7. Nemo abin da ka fi su da shi, ka kira shi da sunansa.

Wannan ne zuciyar babin. Sunansa "competitive advantage", wasu su ce "competitive edge". Kalmar da ke bin sa ita ce "over", wato a kan wa. Idan kana da shi, "have". Idan nema kake, "gain".

Kafin ka rubuta, auna shi da tambaya uku. Da gaske kana da shi yanzu? Mai saye ya damu da shi har zai biya? Maƙwabci zai iya kwaikwaya cikin mako guda? Idan biyun farko e ne, ta ukun a'a, ka samu.

Abin da yawancin mutane suke rubutawa shi ne kaya masu inganci da farashi mai sauƙi, da cewa su masu ƙwazo ne. Kowa haka ya rubuta, don haka kamar ba a rubuta komai ba ne. Addu'a kuma a yi ta a kan sallaya, ba a gurbin fom ba.

Duba abin da ke hannunka da ka raina. Kana da rudu da zai riƙe albasa daga girbi har lokacin da ta yi tsada? Fifiko ne, faɗi buhu nawa yake ɗauka. Injinka yana cire tsakuwa? Faɗa, domin tsakuwa ce ta daɗe tana kora matan birni wajen 'yar waje. Kina banda ba tare da fesa wa kifi maganin ƙwari ba, kina ɗaure shi a leda mai suna da lambar waya? Rubuta. Kina da lambar NAFDAC ko rajistar CAC? Su ne ke buɗe ƙofar manyan kantuna, kuma yawancin na layinki ba su da su. Kin taɓa samun horo a cibiyar binciken kifi ta NIFFR ko kwalejin kifi da ke New Bussa? Liƙa takardar.

Akwai kuma fifikon da ɗan birni ba zai saya da kuɗi ba. Kana jin Gunganci ko Kambarci. Sarkawan wata tunga sun saba da gidanku tun zamanin kakanka, kai suke fara kira idan koma ta yi nauyi. Kana da jirginka, ba ka jiran na haya. Mu a nan ba ma ɗaukar wannan a bakin komai, amma a idon mai ba da jari wannan ne tabbacin cewa kaya ba za su yanke maka ba. Rubuta shi a fili, cewa kai tsaye kake saye daga masunta ba tare da dillali ba.

Idan kuwa ka hango buƙatar da babu mai biyan ta, misali babu mai kai busasshen kifi a ƙananan ƙulli ga ma'aikatan Birnin Kebbi, sunan wannan "a gap in the market". Kada ka faɗe ta sai ka tambayi mutum goma da za su saya.

8. Ba da lamba, ko da ƙiyasi ce.

Rabonka a cikin cinikin da ake yi shi ne "market share". Ana "gain", ana "lose". Wanda ya fi kowa rabo shi ne "market leader".

Lissafin ba wuya. A ce injinan casa biyar ne a garinku, dukkanku kuna fitar da buhu 100 a mako, naka 15 ne. Rabonka kashi 15 cikin 100 ke nan. Sa kalmar "estimated" a gaba don a san ƙiyasi ne, ka kuma faɗi yadda ka ƙirga.

Taƙaita kasuwar. Kada ka ce za ka kama kashi 10 na kasuwar kifin Najeriya, dariya za a yi. Ka ce kasuwar Yelwa, ko garuruwan da ke kan hanyar Yauri zuwa Jega. Ƙaramar lamba da za ka iya karewa ta fi babbar da ka tsinta a intanet.

9. Kula da kwastoma.

A bakinmu, wanda yake saye wurinka kwastoma ne, wanda kake saye wurinsa ma kwastoma ne. A fom ba haka ba ne. Mai saye wurinka shi ne "customer", wanda kake sari wurinsa kuma "supplier". Idan ka cakuɗa su, mai karatu ba zai san ina kuɗi suke shiga ba, ina suke fita.

Ana "win customers", ana "retain customers". Idan sun gudu wurin wani, "lose customers to" sai ka ambaci wurin wa. Masu dawowa kullum su ne "repeat customers" ko "loyal customers". Ƙirga naka. Mutum 12 da ke dawowa duk mako hujja ce mai ƙarfi.

10. Kada ka zagi kowa.

Abokin gasa ba "enemy" ba ne. "Opponent" kuma ta 'yan siyasa ce da 'yan dambe. "Rival" tana shiga, amma "competitor" ta fi zama lafiya.

Kada ka rubuta cewa kifinsu ruɓaɓɓe ne, ko su macuta ne, ko sun yi maka asiri. Faɗi abin da ido ya gani: yawancinsu a buɗe suke sayarwa ba leda, ba sa karɓar tiransifa, ba sa kai kaya gida. Ka kuma faɗi inda suka fi ka. Sun fi ka jari, sun fi ka daɗewa, suna da mota. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma wanda ya san ƙarfin abokin karawarsa an fi yarda da lissafinsa. Ba sai ka ambaci sunan mutum ba. "Masu banda shida a layin kifi" ya wadatar. Kamfani ne ake kira da sunansa.

"Unfair competition" magana ce mai nauyi. Ajiye ta ga abu irin kayan fasa-ƙwauri ko na jabu. Don wani ya fi ka tashi da asuba, bai zalunce ka ba.

Sai wata da ya kamata ka sani don ka kauce mata: "price fixing", wato 'yan kasuwa su haɗa baki su yanke farashi ɗaya su hana kowa saukowa. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye da aka sa wa hannu a 2019, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta shi. Don haka kada ka yi tinƙaho a fom cewa ƙungiyarku ce ke yanke farashi shi ya sa babu mai karya muku. Haɗa kuɗin mota ɗaya zuwa Legas, ko sayen buhuna tare don a samu ragi, wannan daban ne, kuma abin faɗa ne. Kalmarsa "partner with".

11. Faɗi lokaci.

Gasar bakin tafki ba ta tsayawa wuri ɗaya duk shekara. Ruwa yana cika yana janyewa, kamu yana yawa yana ƙaranci, albasa tana arha da girbi ta yi tsada da damina. Lokacin yawa "peak season", lokacin ƙaranci "off-season". Jimla ɗaya a kan abin da kake yi a kowanne ta isa.

12. Haɗa shi cikin jimla biyar.

Fara rubuta amsar da Hausa a littafinka, a gajarce. Su wa ne na kusa? Su wa ne na nesa? Da me suke karawa? Me na fi su da shi? Me nake son cimmawa a shekarar farko? Sannan ka ɗauko kalmomin nan ka gina jimloli gajeru. Ga misali, lambobinsa na kwatance ne:

"Our direct competitors are six fish smokers in Yelwa market. We also face stiff competition from frozen fish. Most of them compete on price. Our competitive advantage is clean, sealed packaging and direct supply from fishermen. We aim to win twenty repeat customers in Birnin Kebbi in the first year."

Ka ga babu kalma mai tsawon igiya a ciki. Kusan kowace jimla tana ɗauke da wuri, ko lamba, ko kaya.

Idan kana shakkar wasu kalmomi biyu ko suna tafiya tare, buɗe ƙamus ɗin Oxford ko na Cambridge a wayarka, kyauta ne a intanet. Kada ka tsaya ga ma'ana, gangara ka karanta misalan jimloli, a nan ne ake ganin abokan tafiya. Akwai ma ƙamus na Oxford da aka yi musamman don wannan, Oxford Collocations Dictionary, idan ka ci karo da shi a shagon littattafai.

Idan ChatGPT ko wani irinsa za ka sa ya gyara maka, ba shi abin da ka ƙirga da hannunka, ka ce ya gyara Turanci kawai. Bai san kasuwar Shanga ba. Idan ka bar shi, zai ƙirƙiro maka abokan gasar da babu su. Haka mai shagon kwamfuta da zai ce yana da tsarin kasuwanci a shirye, suna kawai za a canza. Wannan takardar ya sayar wa mutum nawa kafin kai? Ba shi naka ya buga.

Sannan ka faɗe shi da baki. Wasu shirye-shiryen suna neman ɗan bidiyo ko ganawa, kuma wannan tambayar tana dawowa. Naɗi muryarka a WhatsApp, ka tura wa wani malamin Turanci na sakandare ko ɗan bautar ƙasa da ke garinku, ka ce ya tsayar da kai duk inda bai gane ba. Maimaita har ka iya faɗa ba ka kallon takarda. Idan aka jefo maka tambayar da ba ka shirya ba, koma kan lambobinka, su ne naka.

Gidauniyar Tony Elumelu, wadda ta fara shirinta a 2015 kuma take ba waɗanda suka yi nasara jarin dala 5,000, ta saba buɗe shafinta na TEFConnect ranar 1 ga Janairu, kuma ba a biyan ko sisi don nema. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗin fom, ka riƙe aljihunka. Ajiye amsoshinka a wayarka tun kafin lokacin, domin sabis yana iya ɗaukewa kana tsakiyar cikewa. Mako guda kafin ka tura, koma kasuwa da littafinka ka sake tambayar farashi, ka gyara lambobin da suka motsa.